Kundin aikin “Ɗakin Rediyo”: labarin da ake shiga cikinsa da gilashin VR

3 ga Maris, 2025

Yau muka tsayar da magana kan abin da za mu gina, bayan an daɗe ana ja-in-ja. Labari ne na kimanin minti 12 da ake shiga cikinsa da gilashin VR, wato na'urar da ake ɗaurawa a ido mutum ya ga kansa a cikin wani wuri daban. Wata mata ce ta dawo ɗakin aikin mahaifinta, mai gyaran rediyo, bayan rasuwarsa, domin ta kwashe kaya. Rediyoyi sun cika ɗakin, wasu a kwance cikinsu a buɗe, wasu an gyara amma masu su ba su dawo karɓa ba. Duk wadda aka murɗa, wani yanki na rayuwar dattijon ne ke fitowa. Mu uku ne a aikin: ni ke rubutu da haɗa manhaja, ɗaya na zana kayan ɗakin, ɗaya na kula da sauti.

Babbar gardamar ita ce ko mu ɗauki bidiyon zagaye, wato mai digiri 360, ko mu gina ɗakin a kwamfuta. Bidiyon ya fi sauri, kuma fuskar ɗan Adam ta gaskiya babu kamarta. Sai dai a cikinsa juya kai kawai mutum zai iya. Da ya sunkuya gaba don ya leƙa wani abu, duniyar gaba ɗaya sai ta biyo kansa, nan take ya tuna hoto yake kallo. Labarinmu kuwa sunkuyawa da miƙa hannu ne ƙashin bayansa. Ga kuma lissafi: bidiyon 8K faɗinsa ɗigo 7680 ne, idan aka raba wa digiri 360, kowane digiri ɗigo 21 da 'yan kai yake samu, alhali lafiyayyen ido yana rarrabe kusan 60. Ƙananan lambobin da ke fuskar rediyo za su dushe. Don haka ginawa za mu yi.

Za mu yi aiki da Unity, manhajar gina wasannin kwamfuta, kan tsarin OpenXR da ƙungiyar Khronos ta fitar a 2019, don kada mu ɗaure kanmu ga na'urar kamfani ɗaya. Gwajin yau da kullum a kan gilashin Quest 3 na kamfanin Meta ne, amma sharaɗin da muka gindaya wa kanmu shi ne dole aikin ya gudu a kan Quest 2 ta 2020, ba tare da wayar da ke haɗa ta da kwamfuta ba, saboda har yanzu tana hannun mutane da yawa.

Kuɗin da muka tara mun kasa shi: kusan rabi na mutane ne, wato masu sa murya da lokacin mai zane, kashi ɗaya cikin huɗu na kayan aiki, ragowar na talla. Na nace a ware na talla tun yanzu a rufe. Aikin da aka gama babu wanda ya san da shi, tamkar ba a yi shi ba ne.

7 ga Maris

Mai zane ya gina ɗakin da akwatuna marasa launi a manhajar zane ta Blender, muka shigar da shi. A allon kwamfuta komai daidai, amma da aka sa gilashi sai teburin aiki ya kai ƙirji, ƙofa kuma ta yi girman da ba na gida ba. Ido biyu ba ya yarda da kintace. Ya ɗauko tef ya auna teburi da kujera da ƙofa na gaskiya, ya sake yin komai kan mita ɗaya a waje mita ɗaya a ciki.

14 ga Maris

Gwaji na farko da mutanen da ba su san labarin ba, kuma ya girgiza mu.

A minti na huɗu akwai wurin da komai ya rataya a kai. Matar tana jawo aljihun teburi, ta tarar da wasiƙun da ta riƙa aiko wa mahaifinta, duk a ɗaure da igiya, an jera su bisa kwanan wata. Daƙiƙa kamar 10 ne babu magana. Muna kallon abin da mai gwaji ke gani ta allon da muka haɗa da gilashin. Na farko yana can yana ƙirga rediyoyin da ke bayansa. Ta biyu ta ɗaga kai tana duban rufi. Wani ya duƙa yana leƙen ƙarƙashin teburi. Yawancinsu sai da matar ta fara kuka suka waiwayo, kuma da muka tambaye su daga baya me ya sa ta kuka, sai suka ce ai mahaifinta ne ya rasu. Wasiƙun ba su gan su ba sam.

Ba laifinsu ba ne. A fim, darakta ne ke riƙe da idon mai kallo: ya matso da kyamara kan aljihun, ya yanka zuwa fuska, babu inda za ka duba sai inda ya nuna. A nan an miƙa wa mai kallo kyamarar, kuma an jefa shi wani wuri sabo. Duk wanda ya shiga baƙon ɗaki sai ya waiga tukuna.

Hanyoyi uku muka tattauna. Ta farko, a sa kibiya ko wani haske mai nuna inda za a duba. Na ƙi, domin da zarar kibiya ta bayyana, ɗakin ya daina zama ɗaki. Ta biyu, manhajar ta juyo da kallon mutum da kanta. Wannan ma babu ita, hanya ce ta sa mutum jiri. Ta uku ita muka ɗauka: labarin ya jira. Na'urar ta san inda kan mutum ya fuskanta, don haka matar ba za ta jawo aljihun ba sai fuskar mai kallo ta juyo wajenta. Kafin nan tana goge teburi, tana ɗaga wannan tana ajiye wancan. Idan jiran ya yi tsawo, sai wani abu ya kira shi, kuma mai sauti ya ce a bar masa wannan.

Mun kuma ƙara kusan minti ɗaya a farko wanda babu abin da ke faruwa a cikinsa. A bar mutum ya ƙoshi da waige-waige kafin a fara ba shi labari.

19 ga Maris

Rubuta tsarin jira. Labarin yanzu gaɓa-gaɓa ne, kowace gaɓa da sharaɗin buɗewarta. Tsawonsa ya daina zama tsayayye: tsakanin minti 12 da 15, gwargwadon mai kallo.

26 ga Maris

Mun aro tsofaffin rediyoyi don a mayar da su siffofin kwamfuta. Hanyar ita ce a ɗauki hoton abu daga kowane gefe, manhaja ta gano ɗigogin da suka maimaitu a hotunan, ta tayar da jikinsa. Masu akwatin katako sun fito har da tsagewar fenti da tabon yatsa a wajen maɓalli. Masu ƙarfe mai ƙyalli da gilashi kuwa sun fito a narke, eriya ta ɓace gaba ɗaya. Dalili shi ne ƙyalli yana sauya wuri duk lokacin da kyamara ta matsa, sai manhajar ta rasa abin kamawa. Ba za mu fesa wa kayan aro abin kashe ƙyalli ba, saboda haka mai zane zai ƙera waɗannan sassan da hannu.

Matsala ta biyu nauyi. Rediyo guda ta fito da miliyoyin alwatika, wato ƙananan gutsattsarin da kwamfuta ke haɗa siffa da su, gilashin da ba shi da kwamfuta a bayansa ba zai ɗauki ko ita kaɗai ba. Sai an sake gina kowace da 'yan dubbai, sannan a kwashe ƙananan ramuka da tudun asali a mayar da su hoto a shafa a jikin mara nauyin. Mun duba sabuwar hanyar da masu bincike na Inria a Faransa suka gabatar a 2023, wadda ke tara wuri da miliyoyin ɗigogi masu laushi. Tana kama ƙyalli da kyau ƙwarai, amma mu muna son a ɗauki rediyo a juya ta, kuma Quest 2 na cikin lissafi. Mun bar ta.

Wannan mataki zai ci lokacin mai zane fiye da yadda aka tsara. Mun rage rediyoyin da ake taɓawa zuwa 5, sauran na ado ne.

3 ga Afrilu

Ranar sauti, kuma ita ce ranar da na fi jin daɗin aikin tun da muka fara.

Mai sauti ya raba abin gida biyu. Amon ɗakin kansa, iska da motsin waje da tsit ɗin da ba tsit ba ne, ya ɗauke shi da makirufo mai baki huɗu, irin wanda ke kama sauti daga kowace fuska, ta yadda idan mutum ya juya kai amon yana nan inda yake. Sauran kuwa, muryar matar da kowace rediyo da ƙarar aljihu, kowanne an ɗauke shi shi kaɗai an liƙa shi a jikin abin da ke fitar da shi. Manhajar ce ke lissafin yadda zai iso kunnen dama kafin na hagu, da yadda kai da fatar kunne ke rage masa kaifi.

Ya gwada kiran mai kallo da ƙara mai kauri, kamar faɗuwar akwati. Mutane sun ji, amma ba su san daga ina ba, wasu ma suka juya baya alhali abin yana gabansu. Ya ce kunne ba ya iya gane mafitar sauti mai kauri sosai, kuma rikita gaba da baya abu ne sananne tunda kunnen kowa da siffarsa, manhajar kuwa kunne ɗaya na gama-gari take kwaikwayo. Abin da ke warware rikicin shi ne sauti mai ɗorewa, mai haɗe da kaifi, wanda mutum zai ɗan motsa kai ya gane inda yake. Sai ya kunna shuuu ɗin rediyon da ba ta kama tasha ba. Duk wanda ya sa gilashin ya juya wajen daidai, ba tare da ya san an kira shi ba.

Abin nema yana cikin labarin tun asali. Yanzu rediyoyin ne ke jan mai kallo daga kusurwa zuwa kusurwa: wadda ke kusa da inda abu zai faru sai ta fara shuuu a hankali.

11 ga Afrilu

Koma baya babba. Akwai gaɓar da ɗakin ke komawa shekaru 30 baya, matar tana yarinya tana zaune a ƙasa tana miƙa wa mahaifinta sukudireba. A tsarin farko kallon mutum ne ke shawagi a hankali daga bakin ƙofa zuwa teburi yayin da zamani ke juyawa. A allo abin yana da kyau matuƙa. Da gilashi kuwa, wata mai gwaji ta cire shi tun gaɓar ba ta ƙare ba, ta zauna ta dafe goshi, ta ce zuciyarta na tashi. Sai da ta huta sosai kafin ta iya miƙewa. Wani bai cire ba, amma gumi ya keto masa.

Sanadin a bayyane yake. Ido yana gaya wa ƙwaƙwalwa ana tafiya, sashen cikin kunne mai kula da daidaiton jiki yana cewa a tsaye ake, saɓanin nan ne ke kawo jiri da tashin zuciya. Farawa da tsayawar motsi sun fi tafiya miƙaƙƙiya illa, namu kuwa yana da duka biyun, har da ɗan lanƙwasa. Mun cire shawagin ɗungurungum. Yanzu mutum yana nan inda yake, ƙasa da teburi ba sa motsi, hasken taga ne ke sauyawa, fentin bango ya sabunta, rediyoyin zamanin baya su maye gurbin na yanzu ɗaya bayan ɗaya. A ganina ya ma fi na da ratsa zuciya, domin zamani ne ya zo ya same ka.

Da muka buɗe ma'aunin gudu sai ga sanadi na biyu. Quest 2 tana sabunta hoto sau 72 a daƙiƙa, ma'ana kowane hoto, na ido biyu, dole a gama zana shi cikin milisakan 13.9. A wannan gaɓar muna wuce haka, saboda ɗakuna biyu ne a buɗe lokaci guda, ga fitilu masu jefa inuwa da ake lissafawa nan take. Hoto yana tsallake, shi ma yana ƙara jiri. Gyaran da za a yi: a lissafa haske da inuwa tun kafin lokaci a shafa su a bango, a haɗe kayan da ba sa motsi su zama dunƙule ɗaya, a rage kaifin gefen hoto inda ido ba ya tsayawa.

Daga yau duk mai gwaji zai cike takardar auna jiri da Robert Kennedy da abokan aikinsa suka wallafa a 1993, mai alamomi 16, kafin ya sa gilashi da bayan ya cire. Kuma za a gaya wa kowa tun farko cewa da ya ji wani iri ya cire, ba sai ya daure ba.

17 ga Afrilu

An gama gyaran haske. Gudu ya daidaita a kan Quest 2 daga farko har ƙarshe. An ɗauki muryar yarinyar da ta mahaifin.

24 ga Afrilu

Mahaifin mai sautinmu ya zo ganin abin da ke hana ɗansa barci. Bai taɓa sa irin wannan gilashi ba. Muka ba shi rimot biyu, ya juya su yana neman maɓalli, ga ido a rufe. Ɗan ya ce, “Baba, da babban yatsa za ka danna, na ƙasan.” Ya danna wani daban, allon saituna ya rufe labarin. Sai muka karɓi rimot ɗin muka kunna bibiyar hannu, inda kyamarorin gilashin ke gane yatsu. Ya ɗaga hannuwansa, ya gan su a ciki, ya miƙa ya kama maɓallin rediyo ya murɗa kamar yadda ya saba tun ƙuruciya. Babu wanda ya koya masa.

Mun yanke cewa hannu ne zai zama hanyar farko, rimot na ko-ta-kwana. Tana da sharuɗɗanta: tana son haske, kuma idan hannu ɗaya ya rufe ɗaya sai ta rikice. Don haka maɓallan za su yi girma kaɗan fiye da na gaskiya, kuma babu abin da zai buƙaci hannu biyu a haɗe.

Da ya cire gilashin ya yi shiru, sannan ya tambaye ni, “To ni wane ne a ɗakin nan? Yarinyar nan tana kuka a gabana, ko kallona ba ta yi ba.” Wannan tambaya ta fi duk takardun gwaji amfani. Mutum yana da hannu, yana taɓa kaya, amma labarin bai san da shi ba. Na sake rubuta farkon: mai kallo yanzu shi ne wanda ya rako ta taya kwashe kaya. Da ta shigo za ta dube shi ta ce ta gode da ya zo, ba za ta iya ita kaɗai ba. Idonta zai riƙa neman nasa jefi-jefi. Wannan na nufin a sake kiran mai sa muryar, kuɗin da ba ya cikin lissafi. Za a ɗauko shi daga kason kayan aiki, na talla yana nan a rufe.

6 ga Mayu

Mun fara aikin talla tun ba a gama ba, kuma bidiyon farko bai yi ba. Mun naɗi abin da mai gilashi ke gani kai tsaye. A waya ya fito yana rawa, domin kan mutum ba ya tsayuwa cak, a ciki ba ka lura amma a allo sai ya hana kallo. Ɗakin da ke da zurfi da girma ya koma tamkar wasan kwamfuta na da. Sautin da ke zagaye kai ya zama ƙara ɗaya daga sifikar waya. Duk abin da muka sha wahala a kansa shi ne ainihin abin da allo ba ya iya nunawa. Gani ya kori ji, amma a wannan sana'a ganin ma bai isa ba sai an sa a kai.

Na biyun mun ɗauke shi da kyamarar cikin manhaja, mai tafiya sumul kamar ta fim, muka gauraya da hoton hannun mutum na gaskiya yana murɗa iska, sai a yanka zuwa hannun ciki yana murɗa rediyo. Wannan yankan shi ne ya fi bayyana wa wanda bai taɓa gwadawa ba yadda abin yake. An yi mai faɗi don YouTube, da mai tsayi na daƙiƙa 30 don TikTok da Instagram.

Mai zane ya kawo shawarar a sa fuskar wata mai gwaji da ta fito tana share hawaye, ya ce irin wannan ne ke yawo. Na san yana yawo. Amma ta yi kukan ne saboda ta tuna nata mahaifin, kuma ko ta sa hannu a takardar izini ban ga dacewar a sayar da wannan ba. Bayan haka, idan ka yi wa mutum alkawarin kuka, zai shiga yana jiran kukan ne maimakon ya saurari labari. Mun bar shi.

13 ga Mayu

Zaman awa uku kan inda aikin zai fara fita, ba mu tashi da baki ɗaya ba.

Hanya ta farko shagon manhajoji na Meta. Tun watan Agustan 2024 aka haɗe App Lab, inda ƙananan ayyuka ke zama a ɓoye, da babban shagon, don haka shiga ta yi sauƙi. Sai an ci gwajin inganci, kuma kashi 30 cikin 100 na ciniki nasu ne, kamar yadda shagon wasanni na Steam ma ke karɓa. Damuwata ita ce masu shiga shagon wasa suke nema, abin da za su yi awanni a kai. Labarin minti 15 da ake shiga sau ɗaya zai nutse a tsakaninsu. Wannan ba sabon ciwo ba ne: Oculus Story Studio, masana'antar labaran VR ta Facebook (Meta a yanzu), ta ci lambar yabo ta Emmy a 2016, a 2017 kuma Facebook ya rufe ta.

Hanya ta biyu bukukuwan fina-finai. Na Benis a Italiya ya buɗe gasar irin waɗannan ayyuka tun 2017, ana nuna su a tsibirin Lazzaretto Vecchio. Na Kan a Faransa ya fara tasa gasar a 2024. A Amurka akwai Tribeca da SXSW. A nan ne masu gidajen tarihi da masu rarraba ayyuka ke zuwa neman abin ɗauka. Sai dai manyan gasa suna son su ne za su fara nunawa, wanda ke nufin a riƙe aikin kada a sake shi a shago, wataƙila watanni.

Hanya ta uku mu kai gilashin wurin mutane da kanmu: ɗakunan karatu, makarantu, wuraren baje kolin zane. Yawancin waɗanda labarin nan zai taɓa ba su da gilashi, kuma ba za su saya don minti 15 ba.

Mai zane na son shago yanzu, ya ce a fara ganin shigowar wani abu. Ni da mai sauti muna ganin a nemi biki tukuna. Abin da aka amince: ba za a ɗora a shago ba sai an ji amsar bukukuwa, kuma a gwada hanya ta uku da gayyatattun mutane a matsayin gwaji, don kada a ɓata sharaɗin nunin farko.

22 ga Mayu

Nunin gwaji da gilashi uku a wani zaure da aka ara mana. Mun koyi abin da ba a koya a gaban kwamfuta.

Lissafinmu na mutum huɗu a awa ga kowane gilashi ya rushe. Labarin minti 15 ne, amma sai an daidaita maɗaurin kai, an saita tazarar ruwan tabarau da idon mutum, an yi bayani, bayan an gama a goge abin da ke taɓa fuska. Tazarar ido a manya tana kai-komo a wajen milimita 63, Quest 2 matsayi uku kawai gare ta, 58 da 63 da 68, Quest 3 kuwa da ɗan gare ake murɗa ta. Idan ba a saita ba sai mutum ya ce hoto ya dushe ko kansa na ciwo. Masu tabarau sai an sa musu abin ƙara tazara. Abin da ya samu bai wuce mutum uku a awa ba, wani lokaci biyu. Batir kuma kimanin awa biyu yake yi, dole a sami na ƙari da ake ɗaura wa a bayan kai.

Gilashi ɗaya ya dinga ɓatar da matsayinsa, ɗakin ya karkace mutum na tsaka da kallo. Mun daɗe muna zargin manhaja, ashe wurin da aka ajiye shi ne: farin bango fes a gefe biyu, da ƙofar gilashi a na uku. Kyamarorinsa da alamomin wuri suke gane inda suke, a nan kuwa babu abin kamawa. Muka manna takardu masu zane a bangon, muka ja labule, ya daidaita. Labulen ya yi wani amfanin: hasken rana idan ya shiga ta ruwan tabarau yana ƙona allon ciki, kuma akwai wanda ya ajiye gilashi yana fuskantar taga kafin mu lura mu ɗauke.

Abin da ya fi damuna layin jira ne. Mun kafa talabijin da ke nuna abin da mai gilashi ke gani, don masu jira kada su gaji. Kafin layi ya zo kan mutum ya riga ya ga wasiƙun sau biyu, a allo, babu sauti mai zagaye. Da rana ta raba muka kashe talabijin. Mai sauti ya ɗauko abin sauraro na kunne ya kunna wa masu jira wani ɗan sautin da muka cire daga labarin, inda matar ke magana ta waya da ɗan'uwanta a hanyarta ta zuwa ɗakin. Waɗanda suka saurari wannan sun shiga a natse, sun san wace ce ita, kuma waige-waigensu na farko ya ragu. Za mu mayar da shi ɓangaren aikin na dindindin, minti 3.

Wani abu kuma: kada a tsaya kan mutum da tambayar “yaya ka gani?” da zarar ya cire gilashi. A ba shi kujera a gefe. Masu son magana da kansu suke dawowa.

28 ga Mayu

Rubutun fassara a ƙasan hoto, don bukukuwa da kuma masu matsalar ji. Idan aka liƙa shi a fuska yana bin kai, yana gajiyar da ido. Idan aka ajiye shi nesa kuma rediyo ta shigo gabansa, ido biyu su rasa wanda za su tsaya a kai. Mun sa shi yana bin kai da ɗan jinkiri, kuma yana matsowa ya fi duk abin da ke gabansa kusa. Ga masu matsalar ji, rediyon da ke kira za ta riƙa kunna ɗan hasken fuskarta.

5 ga Yuni

Mun ɗora ɗanɗano a intanet, rediyo guda da ake juyawa da yatsa a waya, a murɗa ta a ji daƙiƙa 40 na muryar dattijon. Da three.js aka yi shi, kayan aikin nuna siffofi a shafin intanet. Mun so ya zama ana ajiye rediyon a kan teburin mutum ta kyamarar waya, amma burauzar Safari ta iPhone ba ta ɗaukar WebXR, tsarin da ke ba da damar yin haka, ba ma son a raba mutane gida biyu. Burauza kuma ba ta barin sauti ya tashi sai an taɓa allo, don haka shafin yana buɗewa da rubutu ɗaya: sa abin sauraro, ka murɗa. A ƙasa akwai wurin barin imel ga mai son a sanar da shi, imel kawai muke karɓa. Sautin jiran nan na minti 3 shi ma zai fita shi kaɗai, tunda shi ne ɓangaren aikin da waya ke iya isarwa ba tare da ya rage komai ba.

Kason mutane ya ƙare. Na kayan aiki saura kaɗan, batiran ƙari za su cinye shi. Na talla an taɓa kusan kashi ɗaya cikin uku.

Abin da ke gaba: kammala motsin idon matar, wanda har yanzu yana kafewa idan mutum ya matso kusa sosai, gwaji a kan gilashin Quest 3S, takardar bayani mai shafi ɗaya ga masu zaure, da girman filin da ake buƙata, haske, da mutum nawa a awa, sai cike takardun neman shiga bukukuwa, waɗanda ke buƙatar bidiyon aikin daga farko zuwa ƙarshe. Mai sauti zai sake haɗa sautin wannan bidiyon don abin sauraro na kunne a mako mai zuwa.